Haruffan Runa: Raya Tsohon Rubutu da Zane Mai Gushewa

Gabatarwa

A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotland akwai wani tudu da ake kira Maeshowe. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka tsibin ƙasa ne kawai da ciyawa ta lulluɓe, alhali a cikinsa akwai ɗaki na manyan duwatsu, wanda mutanen zamanin dutse suka gina wajen shekara ta 2800 kafin Miladiyya. A ƙarni na 12 Miladiyya, wato bayan kusan shekara 4,000 da gina shi, wasu mutane masu asali da ƙasar Norwe suka shiga ta rufinsa, suka karce bangon da rubutu. Wani ya rubuta sunansa kurum. Wani ya yabi kyan wata bazawara mai suna Ingibjorg. Wani ya yi alfaharin cewa duk yammacin teku babu wanda ya fi shi iya rubutu. Wani kuwa ya ɗare can sama don kawai ya sanar da na baya cewa shi ne ya yi rubutu a wuri mai tsawo.

Da James Farrer ya buɗe tudun a shekarar 1861, sai ya tarar da rubuce-rubuce kimanin 30, dukkansu da haruffan da ake kira Runa. A yau suna cikin manyan dukiyoyin tarihi na Turai, kuma tun 1999 wurin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na Hukumar UNESCO. To amma duk wanda ya je yau ya kwaikwayi waɗancan mutane, ya karta sunansa a wannan bango, ya aikata laifin da dokar kare kayan tarihi ta Birtaniya ta 1979 ta tanadar wa hukunci.

A nan ne masu kula da kufai suke cikin tsaka mai wuya. Rubutun da ba a karantawa ba a kuma rubutawa ya mutu, ko da kuwa yana nan sassaƙe a dutse. Dutsen da kowa ke taɓawa yana yi wa fenti kuwa, ba zai daɗe ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da ake bi don a warware wannan matsala, wato zane mai gushewa: rubutun da ake yi da haske, ko a kan yashi da katako da ƙyalle, a nuna shi na ɗan lokaci a kufai, sannan a kawar da shi ba tare da ya bar tabo ba. Za mu ga cewa wannan hanya, ban da kare dutse da take yi, ita ce ta fi kusa da yadda masu rubutun suka yi amfani da shi tun asali.

Mene Ne Rubutun Runa?

Runa abacada ce, wato kowane harafi yana wakiltar sauti, kamar dai a rubutun boko. Al'ummun arewacin Turai masu magana da harsuna dangin Jamusanci ne suka yi amfani da ita, wato kakannin mutanen Denmak da Norwe da Suwidin da Aisland da Ingila. Masana sun yarda cewa an samo siffofin haruffan daga rubuce-rubucen ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, ko dai na Latin ko na tsoffin al'ummun arewacin Italiya. Ita kalmar runa a tsoffin harsunan tana ɗauke da ma'anar sirri ko raɗa.

Daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa akwai kalma guda a kan wani mataji na ƙaho da aka haƙo a Vimose ta ƙasar Denmak, wanda aka yi wajen shekara ta 160 Miladiyya. A 2021 kuma an tono wani dutse mai Runa a wani kabari kusa da tabkin Tyrifjorden a Norwe, kuma gwajin sinadarin kabon ya nuna kabarin ya kai shekara 1,800 zuwa 2,000.

Tsohuwar abacadar tana da haruffa 24. Ana kiran ta Futhark, daga sautukan haruffa shida na farko: ᚠ ᚢ ᚦ ᚨ ᚱ ᚲ, kamar yadda muka samo kalmar abacada daga a, b, c, d. Harafi na uku sautinsa irin na ث ne na Larabci, kuma har yau mutanen Aisland suna rubutu da shi. An sami jerin haruffan a kan dutsen Kylver na tsibirin Gotland, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 400. Kowane harafi yana da suna mai ma'ana. Sunan na farko yana nufin shanu, yana kuma nufin arziki, kamar yadda ake ce wa garke dukiya a wurinmu.

Wajen ƙarni na 8 sai wani abin mamaki ya faru. A Ingila an ƙara haruffan har suka kai 33 a wasu jeri, amma a Denmak da Norwe da Suwidin sai aka rage su zuwa 16, alhali sautukan harshen ƙaruwa suka yi. Harafi guda ya koma wakiltar k da g, wani t da d, wani b da p, wani kuma u da o. Ta yaya mai karatu yake ganewa? Ta hanyar da Bahaushe yake bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi, duk da cewa rubutunsu ɗaya ne: jimlar ce ke nuna masa. Da waɗannan haruffa 16 aka yi rubutu a zamanin Baikin, wato mayaƙa da fataken arewacin Turai masu yawo da jiragen ruwa daga wajen shekara ta 800 zuwa tsakiyar ƙarni na 11. Sun kai rubutunsu nesa ƙwarai. A 1964 an gano sunan wani Halfdan a karce jikin dutsen marmara a benen Hagia Sophia da ke Istanbul.

Rubutun Itace da Fenti

Idan aka ambaci Runa, abin da ke zuwa zuciya shi ne dogayen duwatsu a tsaye a gefen hanya. A Suwidin kaɗai akwai fiye da 2,500, yawancinsu na ƙarni na 11, kuma galibi an kafa su ne don tunawa da mamaci. Sai dai siffar haruffan da kanta tana nuna cewa ba don dutse aka ƙirƙiro su ba. Mai karatu ya sake duban haruffa shidan nan na sama, zai ga layuka ne a tsaye da kuma masu karkata, ba a cika samun layi a kwance ba. Bayanin da yawancin masana suka karɓa shi ne cewa a kan itace ake yanka su. Itace yana da jijiyoyi masu bin tsawonsa. Wuƙar da ta yanka a gicciyen jijiya tana barin alama bayyananniya, amma wadda ta bi jijiyar sai alamar ta ɓace a ciki, ko kuma icen ya tsage.

Tarihi ya ƙarfafa wannan bayani. A ƙarni na 6 wani mawaƙin Latin mai suna Venantius Fortunatus ya roƙi abokinsa ya rubuto masa wasiƙa, ko da da haruffan Runa ne a shafe a kan allunan itace. A shekarar 922 kuma, Ahmad ibn Fadlan, magatakardan tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya halarci jana'izar wani shugaban mutanen Rus a bakin kogin Bolga. Waɗannan mutane ne da masana da yawa ke dangantawa da arewacin Turai. Ya ba da labarin cewa sun kafa gungumen itace a kan kabarin, suka rubuta sunan mamacin da na sarkinsu.

Babbar shaida ta fito ne daga birnin Bergen na Norwe. A 1955 gobara ta cinye wani sashe na tsohuwar unguwar fatake da ake kira Bryggen. Da masu haƙar kayan tarihi suka tona wurin, sai suka sami rubuce-rubuce kimanin 670, yawancinsu a kan 'yan sanduna da ƙasusuwa, na ƙarni na 12 zuwa na 14. Akwai alamun mallaka da ake ɗaura wa kaya, da wasiƙun ciniki, da addu'o'i, da saƙonnin soyayya, har da saƙon wata mata mai suna Gyda da take umurtar wani ya koma gida. Abin da ya hana su ruɓewa shi ne ƙasar wurin jiƙe take da ruwa, iskar oksijin ba ta shiga, saboda haka ƙananan halittu masu cin itace ba su sami damar aiki ba. Wannan ya nuna cewa Runa rubutu ne na yau da kullum: a yanka saƙo a sanda, a karanta, a jefar ko a sa a wuta. Abin da ya iso gare mu ɗan kaɗan ne daga abin da aka rubuta.

Su kansu duwatsun ba haka suke furu-furu a zamaninsu ba. A wasu tsoffin rubuce-rubuce, kalmar da mai rubutu yake amfani da ita don ya ce ni na rubuta, ainihin ma'anarta ita ce ni na shafa launi. An sami gutsattsarin duwatsu da launinsu bai gushe ba a cikin bangon cocin Köping da ke tsibirin Öland, domin ginin ya kare su daga ruwa da rana. Haka ma wani dutse da aka tono a harabar cocin St Paul a Landan a 1852 yana da sauran fenti. Binciken sinadarai ya nuna an yi amfani da jar ƙasa mai ƙarfe, da jan sinadarin dalma, da baƙin hayaƙi, da farar ƙasa. Ke nan dutsen da muke gani yau ƙashi ne kawai, tufafinsa sun daɗe da tafiya.

Abubuwan da Ke Cin Dutse

Me zai hana a mayar wa duwatsun launinsu, a kuma bar masu sha'awa su yi sabon rubutu a bangon kufai? Amsar tana cikin ilimin duwatsu. Dutse, musamman na yashi da na farar ƙasa, cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ruwa yana shiga cikinsu. Abubuwa huɗu ne suka fi yi masa illa.

Na farko shi ne daskarewa. Idan ruwa ya zama ƙanƙara, girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ya narke sau da yawa a hunturu guda, wannan yana buɗa tsaga har fuskar dutse ta ɓare. Na biyu gishiri ne. Ruwa yana ɗauko shi daga ƙasa ko iskar teku, idan ya bushe sai gishirin ya dunƙule a cikin ƙofofin yana tura bangonsu. Na uku, wani nau'in gansakuka mai manne wa dutse yana fitar da sinadari mai tsami da ke narkar da fuskarsa sannu a hankali. Na huɗu kuma hayaƙin kwal da na masana'antu, wanda ke gauraya da ruwan sama ya mai da shi mai tsami, ya riƙa cin dutsen farar ƙasa.

Ga kuma hannun ɗan Adam. A da, masu bincike sun saba goga alli a cikin tsoffin zane-zanen dutse don su fito a hoto. Daga baya aka gane cewa gogar tana kankare fuska, kuma allin yana gurɓata gwajin da ake yi don gano shekaru. An wayi gari garin neman gira ana rasa ido, shi ya sa masana suka yi watsi da wannan al'ada. A Suwidin an daɗe ana shafa jan fenti a cikin layukan Runa don masu wucewa su iya karantawa. Wannan ya taimaka, amma yana da haɗari: idan mai shafawa ya ɗauki tsagar dutse a matsayin harafi, kuskurensa shi kowa zai riƙa karantawa shekara da shekaru.

Duwatsun Jelling na Denmak misali ne mai kyau. Sarki Harald, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Shuɗin Haƙori, shi ya sa aka sassaƙa babban wajen shekara ta 965, don tunawa da mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra, ya kuma bayyana cewa shi ne ya mallaki Denmak da Norwe. Bayan shekara dubu a fili, bincike ya nuna duwatsun sun fara tsagewa. A watan Fabrairu na 2011 kuma wani ya fesa wa babban koren fenti, aka sha wahala kafin a cire shi. A wannan shekara ce aka kammala rufe su a cikin akwatunan gilashi masu daidaita zafi da laima. An tsirar da su, amma yanzu ta bayan gilashi ake kallonsu.

Haske a Matsayin Alƙalami

Tun kafin masu zane su shigo, masana Runa sun san amfanin haske. Harafin da ya goge ba ya fitowa da tsakar rana, amma da dare, idan aka riƙe fitila dab da fuskar dutse ta yadda haskenta zai zo daga gefe, sai layukan su bayyana. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Gaɓar da tsayinta milimita 1 ne, idan haske ya zo mata a kusurwar digiri 45, inuwarta milimita 1 ce. Idan aka kwantar da hasken zuwa digiri 10, inuwar za ta kai kusan milimita 6. Haka inuwar mutum take tsawo da la'asar sakaliya fiye da lokacin azahar.

A 2001 masu bincike na kamfanin Hewlett-Packard suka fito da dabarar da ta mai da wannan aiki zuwa kwamfuta. Ana kafa kyamara a wuri guda, a ɗauki hotuna da yawa, kowane da haske daga wata fuska dabam. Kwamfuta sai ta haɗa su, ta ba mai nazari damar juya hasken yadda ya ga dama a kan allo. Akwai kuma na'urar leza mai auna fuskar dutse har zuwa ƙasa da milimita guda. Da irin wannan awo masu bincike a Suwidin suka nazarci zurfi da faɗin layuka don su bambanta hannun wannan masassaƙi da na wancan.

Wannan awo shi ne tushen zanen haske. Da farko a auna bango ko dutse, a gina siffarsa a kwamfuta. Sannan mai zane ya shafa launuka a kan siffar kwamfutar. Daga nan a saita majigi mai ƙarfi yadda kowane launi zai faɗa daidai inda aka nufa, ja a cikin layin harafi, baƙi a bayansa. Mai kallo zai rantse fenti ne. Da an kashe majigin, sai dutse ya koma yadda yake.

An jarraba wannan dabara a wurare da dama. Tun 1999 ake haska ƙofofin babban cocin Amiens na Faransa da launukan da aka gano saurarsu lokacin da ake tsabtace ginin. A 2015 an haska siffar babban mutum-mutumin Bamiyan na Afganistan a cikin kogon da ya bari bayan rusa shi da aka yi a 2001. A ɓangaren tarihin Baikin kuwa, a 2013 an haska labarin Sarki Harald da ɗansa Sweyn da jikansa Cnut a bangon tsohuwar hasumiyar Clifford da ke birnin York na Ingila. Haka kuma an sha haskaka kangon gidan ibada na Whitby, inda aka tsinci wani mataji na ƙashi mai rubutun Runa a 1867.

Ga rubutu musamman, haske yana da wata fa'ida da fenti ba shi da ita: yana iya canzawa. Dutsen Rök na Suwidin, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 800, yana ɗauke da haruffa kimanin 760, kuma layukansa sun zagaye fuskokin dutsen. An daɗe ana fassara wani sashe nasa da cewa yana maganar Sarki Theodoric ne. A 2020 wasu masana huɗu na jami'o'in Suwidin suka kawo wata fassara, cewa rubutun yana nuna fargabar dawowar matsanancin sanyi irin wanda ya afka wa yankin bayan shekara ta 536. Har tsarin da za a bi layukan ma ana jayayya a kansa. Majigi yana iya haska harafi bayan harafi bisa karatun farko, sannan ya goge ya nuna na biyu, mai kallo ya ga inda aka saɓa da idonsa.

Ba haske kaɗai ne zane mai gushewa ba. Ana iya rubuta Runa a kan yashi ko dusar ƙanƙara a filin kufai, ko a kan ƙyalle da allunan katako da ke tsaye da ƙafafunsu, ko a ba yara sanduna su yanka sunayensu kamar yadda fataken Bergen suka yi. Ana kuma sassaƙa kwafin dutse a shafa masa launi, kamar yadda aka yi wa babban dutsen Jelling, a bar na asali ya huta.

Sharuɗɗan Aikin

Kada a ɗauka cewa duk abin da ke gushewa ba shi da illa. Akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata a kiyaye.

Na ɗaya, kada wani abu ya taɓa tsohon gini: ba alli, ba gam, ba ƙusa, ba jingina kaya. Ƙa'idar masu gyaran kayan tarihi ita ce duk abin da aka ƙara ya zama ana iya cire shi a koma yadda ake.

Na biyu, a san inda ake kunna haske. A kan busasshen dutse a fili, hasken 'yan sa'o'i ba ya yin wata illa. A cikin kogo ko ɗaki mai laima kuwa, fitila mai daɗewa tana haifar da gansakuka. Wannan, tare da numfashin maziyarta, shi ya sa aka rufe kogon Lascaux na Faransa a 1963. Haske mai ƙarfi yana kuma kashe tsohon launi, yana damun jemagu da tsuntsayen da ke kwana a kangaye.

Na uku, a taƙaita yawan mutane. Sau da yawa ƙafafun 'yan kallo sun fi majigi ɓarna. A Maeshowe, alal misali, rukuni-rukuni ake shiga tare da jagora.

Na huɗu, a gaya wa mai kallo gaskiya. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tanadi cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma sabon abu ya bambanta da tsoho. Idan an sami shaidar ja a wuri kaza amma shuɗin hasashe ne, wajibi ne a faɗa.

Rayawa ko Ado?

Akwai bambanci tsakanin raya rubutu da yin ado da shi. Runa ba ta ɓace dare ɗaya ba. Haruffan Latin da suka zo tare da addinin Kirista sun ture ta sannu a hankali, amma a yankin Älvdalen na Suwidin manoma sun ci gaba da amfani da wani nau'inta har farkon ƙarni na 20. A yau tana cikin aljihun miliyoyin mutane ba su sani ba: tambarin Bluetooth na wayar hannu haɗi ne na haruffa biyu, ᚼ da ᛒ, farkon sunan Sarki Harald da laƙabinsa. Tun 1999 kuma aka shigar da Runa cikin tsarin haruffan kwamfuta na Unicode.

Idan mutane suna ganin haruffa ba su iya karanta su, kowa yana iya ɗora musu ma'anar da yake so. A 1908 wani Ba'ostiriye mai suna Guido von List ya wallafa jerin haruffa 18 na ƙirƙirarsa, ya jingina musu ma'anonin asiri da fifikon jinsi. Daga irin wannan tunani 'yan Nazi suka samo tambarin rundunar SS, wanda dokar Jamus ta haramta nunawa. Har yau wasu ƙungiyoyin wariyar launin fata suna fakewa da waɗannan alamu. Maganin wannan shi ne karatu. Wanda ya karanta sandunan Bergen ya san cewa masu Runa mutane ne kamar kowa, masu bin bashi da kewar masoyi da neman rahama ga iyayensu. Saboda haka ma'aunin nasarar kowane baje koli shi ne ko 'yan kallo sun koma gida sun iya karanta ko da kalma guda.

Gwaje-gwaje a Aji

Malamai na iya jarraba waɗannan da ɗalibansu.

Gwajin inuwa: a daɓe yumɓu a faifai, a zana haruffa marasa zurfi da tsinke, a bari ya bushe. A ɗaki mai duhu a haska tocila daga sama, sannan a kwantar da ita a gefe. Ɗalibai su faɗi a wace kusurwa rubutun ya fi fitowa, su kuma bayyana dalili.

Gwajin itace: a ƙarƙashin kulawar malami, a yanka layi ɗaya a bin tsawon sanda, ɗaya a gicciye, ɗaya a karkace, a gwada wanda ya fi bayyana.

Gwajin haruffa: a rubuta Hausa bisa dokar haruffa 16, wato a mai da g zuwa k, d zuwa t, o zuwa u, e zuwa i. Jimlar doki ya shiga gida za ta koma tuki ya shika kita. Rukuni ɗaya ya rubuta, ɗaya ya warware, a ga yadda ma'anar jimla ke taimaka wa mai karatu.

Duk waɗannan a kan yumɓu da sanda da yashi za a yi su. Dokar da ta kare Maeshowe ita ce ta dace da zanen duwatsun Birnin Kudu, da raƙuman dawan Dabous na ƙasar Nijar, da kowace tsohuwar ganuwa.

Kammalawa

Mu koma ga tambayar da labarin Maeshowe ya tayar: me ya sa karcen mutanen ƙarni na 12 ya zama dukiya, namu kuwa ya zama ɓarna? Nasu shaida ce da babu irinta da yawa game da harshe da rayuwar mutanen da suka shuɗe shekara 800 da suka wuce. Namu ba zai ƙara wa kowa sani ba, domin zamaninmu ya cika takardu da kwamfutoci da labarinsa. Sannan su 'yan ƙalilan ne, maziyartan yau kuwa dubbai ne a kowace shekara. Da kowa zai karta layi guda, da ba a jima ba nasu ya ɓace.

Yawancin abin da masu Runa suka rubuta a kan itace ne da fenti, abubuwan da suka san ba za su dawwama ba. Ɗalibin da ya yanka sunansa a sanda, da mai zanen da ya haska haruffa a bangon kango dare guda, suna yin abin da mutanen Bergen suka yi ne, kuma sun bar dutsen yadda suka same shi don masu nazarin da za su zo da na'urorin da suka fi namu.